Hutun Iyali a Birnin Kano: Jagora ga Maigida da Uwargida

Da zarar makarantu sun ba da hutu, magidanta masu ɗan hali sukan fara lissafin inda za su kai iyali shan iska. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye sun san da haka, shi ya sa suke cika wayoyinmu da hotunan Dubai da Sun City ta Afirka ta Kudu, har da Las Vegas ta Amurka. Biyun ƙarshen nan caca ce ta gina su. Jihar Nevada ta halatta caca a 1931, a kanta Las Vegas ta bunƙasa a tsakiyar hamada. Sun City kuwa an buɗe ta a 1979 a Bophuthatswana, yankin da gwamnatin wariyar launin fata ta ba 'yancin jeka-na-yi-ka, domin a yi cacar da doka ta hana a sauran ƙasar. Duka biyun suna da wuraren wasan yara da tafkunan wanka. Sai dai a yawancin manyan otal-otal na Las Vegas an tsara ginin yadda da wuya ka isa ɗakinka ko wurin cin abinci ba ka ratsa zauren caca ba, alhali kana riƙe da hannun ɗanka. Duk uban da ya damu da abin da idon 'ya'yansa ke gani, wajibi ne ya tsaya ya yi nazari kafin ya biya kuɗin jirgi.

Ga shi kuma muna da birnin da baƙi ke ƙetaro teku domin su gani. Mutumin Katsina ko Zariya ko Maraɗi yana yawan zuwa Kano, amma sari ke kawo shi: ya sauka kasuwar Kwari ko ta Singa, ya ɗaure kayansa, ya juya. Akwai ma yaran da aka haifa a Hotoro ko Sharaɗa ko Rijiyar Zaki, sun gama sakandare ba su taɓa hawa Dala ba. Wannan jagora domin irin waɗannan gidaje ne. Kwana uku sun isa a zaga cikin ganuwa a tsanake, yara su koma gida da abin da za su riƙe har girmansu. Sharaɗin guda ne: a tsara tafiyar daidai da ƙarfin mafi rauni a cikin ayarin, wato ƙaramin yaro da dattijuwa.

Zaɓen lokaci

Lokaci mafi daɗin yawo shi ne hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, kuma ya yi daidai da hutun Disamba. A tanadi rigunan sanyi domin fitar safe, da man shafawa saboda kaushi da tsagewar leɓe. Mai ciwon asma ya riƙe maganinsa da takunkumi, don hazo da ƙura ba su da sauƙi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, bai kamata a ja ƙananan yara yawon ƙafa a cikinsa ba. Dogon hutun Agusta kuwa tsakiyar damina ne. Gari kan yi lumshi, amma lunguna da kwatoci suna cika da ruwa, sauro kuma ya yi yawa.

Ko a wane wata ne, tsarin yini ɗaya ne. A fita da ƙarfe bakwai na safe, a dawo masauki kafin azahar, a ci abinci a yi ƙailula, a sake fita bayan la'asar, a shigo kafin magariba. Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci da fada suna cushewa tun kafin azahar, don haka a bar wannan rana domin salla da ziyarar dangi.

Masauki, guzuri da abin hawa

Cikin birni ba wurin manyan otal-otal ba ne, al'ada ita ce a sauka gidan 'yan'uwa ko aminai. In haka za ku yi, ku sanar da su da wuri, ku faɗi yawanku da kwanakin da za ku yi. Ku zo da tsarabar garinku. Maigida ya riƙa shigowa da cefane da kansa, domin miƙa wa mai masauki kuɗi a hannu kan sa shi jin nauyi. In otal kuka zaɓa, ku duba Nassarawa ko Bompai ko Titin Gidan Zu. Kafin ka biya, tambayi awa nawa suke ba da wuta, ko akwai ruwa a famfo da gidan sauro da wurin ajiye mota, kuma ko za a samu ɗakuna biyu a jere domin yara su kwana kusa da iyayensu.

Ku kasa guzuri kashi biyar: na mota, na masauki, na abinci, na tsaraba, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai rashin lafiya ko lalacewar mota. A riƙe tsabar kuɗi masu canji, domin tura kuɗi ta waya kan maƙale a cikin kasuwa. Masu zuwa daga Nijar su fara tabbatar da halin da iyaka ke ciki da takardun da ake nema, sefarsu kuma za su canza ta a Wapa da ke Fagge. Dabara ce mai kyau a naɗa babban ɗa ko babbar 'ya ma'aji, a ba shi littafi da biro ya rubuta duk abin da aka kashe. Doka ta hana caca a Kano tun da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, Hisbah ma ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, amma cacar yau tana cikin wayar da ke aljihun saurayi, kuma zaman banza na hutu ne ke kai shi gare ta. Yaron da aka ɗora wa amanar kuɗin gida yana koyon darajarsu.

Motarka ka bar ta a masauki. Lungunan birni an yi su ne tun zamanin jaki da doki, neman wurin tsayawa kaɗai zai cinye maka safiya. Ɗauki shatar a-daidaita-sahu ɗaya ko biyu, ku yi ciniki na yini tun kafin a tashi, ka karɓi lambar direban. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013.

Rana ta farko: Dala da Kurmi

Ku fara daga inda Kano ta fara. Masu binciken tarihi sun tono alamun narkar da tama a Dutsen Dala da suka kai ƙarni na 7, tun kafin zuwan Bagauda, wanda littafin tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a 999. A nan Barbushe ya zauna, shugaban masu bautar Tsumburbura. Akwai matakala har sama. Ku hau da sassafe, sannu a hankali, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Kaka da mai juna biyu su zauna a inuwa a ƙasa, babu tilas. A can sama a riƙe hannun ƙanana, kada su matsa bakin gangare.

In kun huta, ka sa yara su nemo Goron Dutse, su nemo koriyar ƙubbar babban masallaci da hasumiyoyinsa biyu, su bi da ido inda jirage ke sauka a filin Malam Aminu Kano. Ka gaya musu cewa Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya hau wannan dutse a 1851 ya zana hoton birnin. Da kun sauko, Madabo na kusa, unguwar malaman Wangarawa waɗanda tarihi ya ce sun iso daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Yaro ya san cewa karatun da yake yi a islamiyya yana da tushe na ɗaruruwan shekaru a wannan ƙasa.

Da la'asar sai Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa a gefen Jakara. A nan fataken Gadamas da Tarabulus suke sauke hajarsu, su ɗauki baƙin rini da jemammiyar fata. Fatar jar akuyar ƙasar Hausa ta ratsa hamada har Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Kurmi layi-layi ce mai ƙunci, baƙo kan ɓace a cikinta, don haka ku tafi da ɗan gari. Ku nemi layin kayan doki ku ga sirdi da linzami da likkafa, ku ga dukawa da jakunkuna da takalma, masu ƙorai, masu turare, masu murjani, da rumfunan littattafan addini.

A ba kowane yaro ɗan kuɗi ya yi cinikinsa da kansa. Ya yi sallama, ya gaishe da mai kaya, ya ce, "Baba, nawa wannan?" Ya taya da ladabi. In an ce masa "Albarka," ya ƙara kaɗan, har ya ji an ce "An sallama." Ka koya masa cewa ba a taya abin da ba a yi niyyar saya ba, kuma in an sallama ba a fasawa.

Rana ta biyu: Gidan Makama, fada da marina

Gidan Makama na daura da Ƙofar Kudu ta fadar Sarki. Yana cikin tsofaffin gine-ginen birnin, tun zamanin Rumfa, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ana biyan kuɗin shiga kaɗan, akwai kuma ma'aikatan da ke zagawa da baƙi. Kada ku yi gaggawa a nan. Za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, makaman yaƙi, kayan kiɗan fada, jeren ɗakin amarya irin na da, da hotunan zuwan Turawa a 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Ka sa yara su ɗaga kai su dubi rufin: azara ce aka jera a kan bakan gizo na ƙasa, bango kuma tubali ne mai kauri. Su tsaya a rana na ɗan lokaci, sannan su shigo soro su ji bambancin sanyi, za su gane cewa maginan da sun san maganin zafin ƙasarsu tun babu lantarki.

Gidan Rumfa, wato fada, gidan zama ne da wurin mulki, ba a shiga sai da izini. Ku tsaya a filin Ƙofar Kudu ku ga ginin da dogarai cikin rigunansu ja da kore. A gaishe su da "Ranka ya daɗe," a nemi izini kafin a ɗaga waya. A nan ne wurin ba yara labarin Rumfa: shi ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa majalisar Tara ta Kano, ya shigo da kakaki da takalmin gashin jimina, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa littafi kan yadda sarki zai yi mulki da adalci. A wannan rana kam, kafin ku koma masauki, ku yi azahar a babban masallacin da ke arewa da fada, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Bayan la'asar ku nufi karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa an kafa shi a 1498. Wannan ne wurin da yara suka fi so, saboda aikin a gaban idonsu ake yinsa. Marini kan haɗa baba da toka da katsi cikin ruwa a rami mai zurfi, ya bar shi kwanaki ya tsima. Sai ya tsoma zane ya ɗago, ya sake tsomawa ya ɗago. Ku lura da kyau: zanen yana fitowa da ɗan kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, kuma yawan tsomawa ke sa shi yin duhu. Adon da ke jikin yadin kuwa ɗauri ne da mata ke yi a gida da zare kafin a kawo shi marina. Daga nan ku leƙa wurin 'yan bugu, inda ake shimfiɗa riga a kan gungume a yi ta dukanta da tabarya har ta yi sheƙi.

Ramuka da yawa a karofin sun bushe, domin atamfa da shaddar waje da rinin kanti sun janye kasuwa. Saboda haka kada ku kalla ku ɗauki hoto ku wuce. Ku sayi ko da ɗankwali ne, ko ku zo da farin yadi a rina wa yara. A riƙe ƙanana sosai a bakin ramuka.

Rana ta uku: ganuwa da wajen gari

Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ginin ganuwa, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. Yau ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun cinye mafi yawanta, an kuma sake gina ƙofofi da dama da siminti lokacin faɗaɗa tituna. Ku bi titin da ya tashi daga Ƙofar Na'isa ya wuce Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga, za ku ga ragowarta. A mayar da zagayen gasa: wa zai fi kawo sunayen ƙofofi? Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Ɗan'agundi, Sabuwar Ƙofa. Kada a bar yara su hau kan ganuwa, kowace ƙafa tana ƙara zaizaye ta.

Daga nan sai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Adon bangonsa kaɗai ya isa a je dominsa. Yammacin ranar na ƙanana ne, a kai su Gidan Zu wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako (1967–1975). Uwargida kuma a ba ta lokacinta a Kwari, ba tare da ana yi mata ƙorafin ta daɗe ba.

In da Sallah kuka zo

Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disamba 2024. Sai dai tun rikicin sarautar da ya taso a 2024, 'yan sanda sun hana hawa a wasu Sallolin, don haka ku saurari sanarwa a rediyo kafin ku yi shiri dominsa. In za a yi, ga yadda yake. Ranar Sallah Sarki kan yi Idi a filin Ƙofar Mata, ya hau ya dawo fada. Washegari da yamma Hawan Daushe ne, ya ratsa unguwanni, ya gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, a ƙare da jafi a Ƙofar Kudu, inda mahaya ke sukuwa su ja linzami a gabansa su yi jinjina. Rana ta uku da safe Hawan Nassarawa ne, inda ake zuwa gidan gwamnati. Daga baya a yi Hawan Ɗorayi a ƙaramar Sallah, ko na Fanisau a babba.

Ga mai iyali, wuri mafi aminci shi ne soro ko benen wani ɗan'uwa da ke kan hanyar da Sarki zai bi. Ku isa da wuri, kafin a rufe hanyoyi. Kada yaro ya tsaya a bayan doki ko ya tsallaka titi tsakanin tawagar hakimai. Ƙarar 'yan bindiga tana firgita jarirai, gara a bar mai goyo a gida. Ka nuna wa manyan yara 'yan lifidi da 'yan sulke da zagage, su kuma jira su ga laima da tagwayen masu, alamar Sarki ya iso.

Ci da sha, lafiya da tsaro

Wanda ya zo Kano bai ci gurasa ba, da sauransa. A nemo ta Jakara, a ci bandashe da ƙuli da man gyaɗa da albasa, ko a haɗa ta da tsire. Da safe waina da miyar taushe ko ɗanwake, da rana fura da nono, tsaraba kuma alkaki da dubulan da kilishi. Ƙa'idar ita ce a ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka, a sayi fura da zoɓo a inda mai masauki ya amince da tsabtarsu, yara kuma su sha ruwan roba kawai. A jaka a riƙe gishirin zawo da maganin zazzaɓi. In ta kama, Asibitin Murtala na kusa da Ƙofar Mata, asibitin yara na Hasiya Bayero kuma na kusa da fada.

Ƙwacen waya matsala ce ta gaske a Kano. Kada a riƙa latsa waya a cikin a-daidaita-sahu ko a lungun da babu mutane, kada a yi yawon dare, in kuma aka ga rigimar 'yan daba a sauya hanya nan take. Kowane ƙaramin yaro a sa masa takarda a aljihu mai sunansa da lambar mahaifinsa. A koya masa cewa in ya ɓace ya tsaya a rumfar wani dattijo ya ce, "Baba, don Allah kira min babana." In an rasa shi, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Cikin birni gidajen mutane ne. A yi shigar mutunci, a yi sallama ga dattawan da ke zaune a dakali, namiji baƙo kada ya wuce zaure, kada a ɗauki hoton mata ko almajirai ba da yardarsu ba.

Bayan an dawo

Daren da kuka koma gida, ma'aji ya karanta lissafinsa a gaban kowa, a ga inda aka yi daidai da inda aka wuce kima. Kowane yaro ya kai wa kakanninsa tsarabar da ya saya da hannunsa, ya ba su labarin inda ya samo ta da wanda ya yi ta. Masu iya rubutu su rubuta shafi ɗaya kan abin da ya fi burge su, a ajiye tare da hotuna. Sannan a buɗe asusun hutun baɗi tun yanzu, ko da kaɗan-kaɗan ne. Hasumiyar Gobarau na Katsina, rijiyar Kusugu na Daura, fadar Zazzau na Zariya, fadar Damagaram na Zinder, kuma duk tsarin nan zai yi muku aiki a can. Marina da dukawa da maginan da ke waɗannan garuruwa suna riƙe da sana'arsu ne muddin akwai masu zuwa su saya, kuma yaran da aka kai yau su ne za su yanke hukunci gobe kan ko a gyara ganuwa ko a yanka ta filaye.